Wanda Ya Goge Kayan Larai

Da hantsin wata Talata, cikin bazarar shekarar da za a karɓi mulkin kai, kuka ya tashi a gidan Malam Sebastian da ke Nassarawa ta Kano. Unguwa ce da ba ta saba da kuka ba. Unguwar Turawa ce, ta inuwar darbejiya da furanni da karnuka masu suna, inda ko tari ne ya kama bara sai ya kewaya bayan shinge ya yi abinsa. Amma ran nan sai ga Dinatu, matar gidan, ta fito baranda kai ba ɗankwali, tana ihu tana yarfe hannu kamar wadda ta taɓa wuta.

'Yarta Larai, wadda ba ta cika shekara biyu ba, ta rasu da safen nan bayan zazzaɓi da wasu ƙuraje da kowa ya ɗauka na zafi ne. Ba mutuwar ce ta fito da uwar baranda ba. Abin da ta gani ne sa'ad da matan cocinsu suka tuɓe yarinyar za su yi mata wanka. Da jiki ya yi sanyi, sai ƙurajen suka soma motsi. Daga bayanta, da wuyanta, da tsakiyar kanta inda gashi bai gama rufewa ba, tsutsotsi farare masu ƙiba suka riƙa leƙowa suna faɗawa cikin baho, kamar baƙin da suka ci suka ƙoshi, suka ga mai masauki ya mutu, suka kama hanya.

Wayyo Larai! Ashe duk kukan nan da kike yi cin ki ake yi da rai, ba ki da bakin faɗa.

Kowa a Nassarawa ya san wannan tsutsa. Akwai wani ƙuda da ke saka ƙwansa a tufafin da aka shanya, ƙwan ya ƙyanƙyashe, 'ya'yan su huda fatar wanda ya sa tufar su zauna ciki. Maganinsa dutsen guga mai zafi. Shi ya sa a gidajen unguwar ba a sa komai sai an goge, daga kwat har safa, har ƙyallen da ake ɗaura wa jariri. Saboda haka ba wanda ya tsaya tambaya. Idanu duka suka juya kan Jibrin mai wanki da guga.

Kafin 'yan sanda su iso, barorin gidajen maƙwabta sun ɗaure shi a jikin darbejiya da igiyar shanyarsa.

"Ni da kunnena na ji shi," in ji Lawan gadina, mai kula da lambun gidan, "ranar da Madam ta mare shi kan rigar cocin da ya ƙona. Cewa ya yi Allah ya isa."

"Wa bai taɓa cewa Allah ya isa a unguwar nan ba?" wani kuku ya faɗa ƙasa-ƙasa. Amma shi ma sai da ya matsa ya tofa wa Jibrin yawu, don kada a ce yana tare da shi.

Malam Sebastian bai yi kuka ba. Babban ma'aikacin gwamnati ne, mutumin kudancin Zariya, baƙar fata na farko da aka ba gida a layin nan. Ya tsaya a matakala, idanunsa jawur, ya ce wa Saje Inuwa, shugaban 'yan sandan da suka zo:

"Wannan ba sakaci ba ne, Saje. Baƙin ciki yake yi yana wanke kayan baƙin mutum irinsa. Da gangan ya yi. Igiya nake so a wuyansa, kuma zan samu."

A bayan Saje akwai wani siririn dattijo da ba ya ɗaga kai. Ɗahiru mai bin sawu ke nan, tsohon maharbi mazaunin Gama, wanda 'yan sanda kan kira in an fasa gida. Ana cewa ya fi sanin ƙafafun mutanen Kano da fuskokinsu.

"Baba Ɗahiru," in ji Saje, "aikinka kaɗan ne. Nemo mini inda ya shimfiɗa kayan yarinyar a ƙasa don ƙuda ya hau. Shi ke nan."

* * *

Ɗahiru ya fara da mutumin. A ɗakin tsare masu laifi ya same shi, leɓe a kumbure, ido ɗaya a rufe. Jibrin mutumin Ringim ne, ba shi da kowa a birni, ya yi wa Turawa wanki tun yana saurayi har furfura ta fito masa.

"Ka goge kayanta?"

"Baba, kayan Larai ne nake fara gogewa, tun gawayi na da ƙarfi. Ciki da waje. Har bakin ɗinki nake bi da hancin dutse, don can suke ɓuya."

"Allah ya isa fa?"

"Na faɗa. Madam ta mare ni gaban mutane, na faɗa. Amma ina ruwan Larai da marin uwarta? Yarinyar da ke zuwa ta zauna cikin kwandon wankina tana ce mini Jibo? Haƙoranta na farko a yatsana ta gwada su."

Ya ƙura wa tafin hannunsa ido. Da ya sake magana muryarsa ta canja.

"Sai dai tun da suka kawo ni nan nake ta lissafi. Akwai ranar da gawayi ya ƙare mini, dutsen ya huce. Na ce bari in sake hura shi. Na hura kuwa? Baba, in mutum ya yi abu sau dubu, yaya zai tuna guda ɗaya? Kowa ya ce ni ne. Anya mutane da yawa haka za su yi kuskure?"

Ɗahiru ya miƙe ya fita. Ba ya amsa abin da bai gani a ƙasa ba.

* * *

Wurin shanya bai ce komai ba sai alheri. Ragowar igiyar tana tsakiyar rana tsau, kuma wannan ƙuda inuwa yake so. A ƙarƙashinta sawun Jibrin ne kawai, kai da kawowa, ƙafa mai faɗi da tsagaggen dunduniya. Babu inda aka shimfiɗa tufa a ƙasa.

Lawan gadina yana biye da shi da garwar ban ruwa, bakinsa bai huta ba.

"In ba Jibrin ba ne, to ka duba Sule maigadi. Maigida ya hana shi shigo da karensa, ya ce yana wari. Karen nan kuwa duk tsutsa ne. Wa ya sani ko da zanen yarinyar yake goge shi?"

"Ɗazu ka ce Jibrin ne."

"Ni dai na ce ba ni ba ne."

Sule, wani ƙaton Bakatsine, yana zaune a bakin ƙofa da karen a gefensa. Da ya ji abin da aka faɗa sai ya miƙe.

"Lawan ne ya ce? Wannan mai baki kamar na kwaɗo? Shi da ke jiƙa gindin shinge safe da yamma har ƙudan damina ya ƙi tafiya da bazara! Ka tambaye shi wa ya sa wa karena ciwo!"

Ɗahiru ya bar su suna zagin iyayen juna, ya bi sawun karen. Daga ƙofa zuwa gindin shinge, daga gindin shinge zuwa ƙofa. Ko sau ɗaya bai doshi ɗakin wanki ko cikin gida ba. Sule ya fita daga zargi. Amma kafin ya tafi, Ɗahiru ya durƙusa ya kama ƙafar karen, ya matse wani maruru, tsutsa ta fito. Ya sa ta a akwatin ashana.

A caji ofis ya roƙi Saje ya nuna masa kwalbar da aka zuba waɗanda aka tsince daga jikin Larai. Ya ajiye ta karen kusa da su. Ya daɗe yana kallo.

"Saje, waɗannan ba uwarsu ɗaya ba."

"Tsutsa tsutsa ce, Baba."

"Haka barewa da gada duk nama ne a tukunya. Ka ga ta yarinyar ta fi girma, ƙayar jikinta ma daban take. Ni iyakar sanina ke nan. Wa ya san sauran?"

* * *

Wanda ya san sauran yana maƙwabtaka da gidan mutuwar, shinge kawai ya raba su. Wani tsohon likita ne da barori ke kira Bature Mai Ƙuda, domin ya ƙare rayuwarsa yana kama ƙudaje yana soke su da allura yana raɗa musu suna. Yana shirin komawa ƙasarsu kafin bikin mulkin kai, akwatuna sun cika baranda. Mataimakinsa, wani kyakkyawan saurayi mai suna Mika, shi ya buɗe ƙofa. Ya dubi kwalbar da Ɗahiru ya aro daga wurin Saje, ya kau da kai.

Baturen ya ji Hausa. Da ya ga tsutsa sai fuskarsa ta washe kamar an kawo masa goron salla.

"Zauna, Malam. Ƙudajen nan dangi ne, kakansu ɗaya, amma gida-gida suke, kowane gida da sunansa da ƙasarsa da naman da ya fi so. Ku kuna bambanta mutane da tsagar fuska. Mu muna bambanta waɗannan da tsagar gindi, inda suke numfashi. Zo ka gani."

Ya sa ta karen a ƙarƙashin madubinsa mai ƙara girman abu. Ɗahiru ya kanne ido ɗaya ya leƙa. Ya ga tsaga uku-uku, masu ɗan lanƙwasa kaɗan.

"Wannan ta gida ce," in ji Baturen. "Ita kuka sani. Tana cikin karnuka da ɓeraye, tana hawa wanki. Yanzu kawo ɗayar."

Ya sa ta Larai. Ya leƙa. Bai ɗago da wuri ba. Da ya ɗago, jan fuskarsa ya gudu.

Ɗahiru ya leƙa shi ma. Tsagar wannan a murɗe take, ta karkace nan ta karkace can, kamar sawun maciji a rairayi.

"Wannan fa, Likita?"

"'Yar'uwarta ce. Ta kurmi. Can kudu mai nisa, inda ruwan sama ba ya yankewa. A jikin gafiya da gada take rayuwa. Ta fi girma, ciwonta ya fi zafi."

"Tana zuwa Kano?"

"Ba za ta rayu a nan ba. Bushewar iska za ta kashe ta."

"To wa ya kawo ta gadon yarinya?"

Baturen ya rufe madubinsa da ƙyalle. "Ban sani ba. Ina da aiki, Malam. Mika, raka shi."

Aka nemi Mika aka rasa.

* * *

Tun da ba mai rakiya, Ɗahiru ya raka kansa, ta bayan gida.

Can ƙurya akwai wani ɗan ɗaki da aka rufe tagoginsa da buhuna jiƙaƙƙu, ruwa na ɗiga daga gare su. A tsakiyar bazarar Kano, wani ya gina wa kansa damina. Tun kafin ya ƙarasa hancinsa ya gaya masa abin da ke ciki: gafiya. A bakin ƙofa an zubar da farin yashi da aka share daga keji, da sawunta a kai, farata zaƙo-zaƙo irin na dabbar da ta daɗe ba ta haƙa rami ba.

Daga ƙofar nan wani sawun takalmin roba ya fita. Bai nufi titi ba. Shinge ya nufa, inda akwai wata kafa da mutum zai ratsa a sunkuye, ya ɓulla gindin mangwaron da ke bayan gidan Malam Sebastian. A nan ya haɗu da wani sawun, ƙarami, na mace.

Ɗahiru ya tsuguna. Ya sha bin sawun ɓarayi da na kuraye, amma bai taɓa bin irin wannan ba. Ƙafafu huɗu suna fuskantar juna, sun daɗe a tsaye har ƙasa ta lotsa. Na macen ya ja da baya, ya dawo. A wani wurin babban yatsanta ya yi ta zane a ƙasa, irin zanen da budurwa ke yi sa'ad da ake gaya mata abin da take so ta ji amma kunya ta hana ta ɗago kai. Ba rana ɗaya ba ce, sawu ne a kan sawu. Ƙauna ce tsantsa a rubuce a gindin mangwaro. Kaico, da ma a nan ta tsaya!

Sawun macen ya shiga ɗakin Lai'atu, ƙanwar Dinatu, wadda ke renon Larai.

* * *

Ya same ta tana ninke 'yan rigunan marigayiyar, tana sunsunar kowace kafin ta ajiye.

"'Yata, kin gaya wa Saje duk abin da ya taɓa jikin Larai daga hannun Jibrin ya fito."

"Haka ne, Baba."

"Wa kike gani a gindin mangwaro?"

Rigar ta faɗi daga hannunta. "Don Allah kada maigida ya ji. Ya ce ba zai ba da ƙanwar matarsa ga mai kamun ƙuda ba. Ya ce in ya sake ganin Mika a gidan nan, ƙauye zai mai da ni."

"Mika ya taɓa ba ki wani abu?"

"Ni? Bai ba ni komai ba sai magana." Ta ɗan yi murmushi cikin hawaye. "Larai ya ba. Ya ce yana son ta kamar tasa. Wani ɗan farin mayafi mai laushi. Ya ce in riƙa shimfiɗa mata in za ta yi barcin rana, kada in kai wanki don sabulu zai kashe laushinsa. Nakan ɗauke kafin Yaya ta shigo. Shi ya sa ban faɗa ba, ai ba wani abu ba ne, kyauta ce kawai..."

"Ɗauko."

Ta ciro shi daga ƙasan akwatinta. Ɗahiru ya sunsuna, sa'an nan ya kakkaɓe shi a kan baƙin tiren shayi. Farin yashi ya zubo daga bakin ɗinki.

Lai'atu ta dubi yashin, ta dubi dattijon. Ya ga lokacin da abin ya isa zuciyarta. Ba ta yi ihu ba. Hannuwanta ta ɗaga tana kallo, hannuwan da suka shimfiɗa mayafin, suka kwantar da yarinyar a kai, suka riƙa bubbuga bayanta har ta yi barci.

* * *

Da la'asar Saje Inuwa ya tara su a falon Malam Sebastian: maigidan da matarsa, Lai'atu, Bature Mai Ƙuda, da Mika wanda aka samo a tashar jirgin ƙasa. Lawan da Sule aka sallame su daga bakin ƙofa. Ɗahiru ya zauna a ƙasa, ya jera kwalba da mayafi da tire a gabansa, ya faɗi abin da ya gani ba ƙari. Da ya gama sai ya juya.

"Likita, ɗakin nan mai jiƙaƙƙun buhuna, me ke ciki?"

Baturen ya goge wuyansa. "Ƙudan kurmi. Na kawo su daga kudu tare da gafiyoyinsu, ina nazarin su. Mika ke da mabuɗi."

Mika ya zube a kan gwiwoyinsa.

"Ranka ya daɗe, ban yi nufin ta mutu ba! Na rantse da Allah! Biyu ko uku na so su kama ta. Na sa mayafin a kejin don ƙudan ya yi ƙwai kaɗan. Na ce in ƙurajen sun fito, kowa ya rasa gane su, sai in zo in shafa basilin a bakinsu, su rasa numfashi su fito a gaban idonka. Ka ga mai kamun ƙuda ma yana da amfani. Ka ba ni Lai'atu. Na sha cire ta gida a jikin mutane, ba ta kisa. Na ɗauka tun da dangi ne halinsu ɗaya. Ban san ta zuba ƙwai haka ba..."

"Da ka ga ta kwanta fa?" in ji Saje.

"Na zo! Sau biyu na zo! Na ce a bar ni in duba ta. Maigida ya ce wa Sule in na sake taka ƙofar nan ya sakar mini kare. Suka yi ta matse ƙurajen da allura, tsutsar na fashewa a ciki..."

"Daga bakin ƙofa murya ba ta kaiwa cikin gida?" Ɗahiru ya tambaya a hankali. "Da ka ɗaga murya ka ce tsutsa ce, da an ji."

Mika ya sunkuyar da kai. "Da sun tambaye ni yadda na sani."

"Da aka ɗaure Jibrin fa? Shinge kawai ke tsakaninku."

Mika ya kifa goshinsa a ƙasa.

Saje ya ciro ankwa. A nan ya kamata labarin nan ya ƙare, ya mai karatu, kuma da ni ke da iko da a nan zan ajiye alƙalami. Amma Baturen ya ɗaga hannu.

"Dakata, Saje. In wannan ya je kotu, za a tambayi wanda ya shigo da ƙudan cikin unguwar mutane. Shekara talatin na aikina za su ƙare a jarida." Ya juya ga maigidan. "Kai ma za a tambaye ka, Malam Sebastian. Za a ji ka kori mutumin da ya zo ceton 'yarka. Ga kujerar da ake shirin ba ka in mun tafi. Akwai masu jiran ka yi tuntuɓe."

Malam Sebastian ya koma ya jingina da kujerarsa.

"Ita kuma," Baturen ya nuna Lai'atu, "ita ta shimfiɗa, ita ta ɓoye, ita ta yi wa 'yan sanda ƙarya. Wane alƙali zai yarda ba ta sani ba?"

"A kai ni!" Lai'atu ta yi kururuwa. "A kai ni tare da shi! Yaya, ki bari a kai ni!"

Dinatu tana zaune a gefe tun da aka fara. Yanzu ta miƙe. Ta je ta tsaya a kan Mika, ta dube shi kamar yadda ake duban abin da aka taka a hanya. Sa'an nan ta kama ƙanwarta, ta toshe mata baki da tafin hannu, ta manna kanta a ƙirjinta da ƙarfi. Muryarta ta fito a bushe.

"Na binne 'ya. Ba zan kai ƙanwa kurkuku ba. Uwarmu mu biyu ta bari." Ta dubi Saje ido cikin ido. "Jibrin bai goge kayan ba. Ni na gani."

"Madam," in ji Ɗahiru, "ki ji tsoron Allah. Mutumin nan ba shi da kowa."

"Shi ya sa," in ji ta.

Ta ɗauki mayafin ta nufi kicin, inda wuta ke ci. Baturen ya sa kwalbar a aljihu. Malam Sebastian ya dubi bango ya ce ya janye maganar ganganci, sakaci ne, ba ya son a rataye kowa. Mika kuwa a sa shi a jirgi, kada a sake ganin sa a Arewa. Saje Inuwa ya juya ankwar a hannunsa, ya dubi manyan mutanen nan biyu, ya mai da ita ɗamararsa.

"Baba Ɗahiru," ya ce a waje, bai yarda sun haɗa ido ba, "ka ceci wuyansa. Ka gode wa Allah."

"Zan faɗa a kotu."

"Wa zai kira ka? Da me za ka nuna? Lawan ya riga ya yi wa gindin mangwaro ban ruwa."

* * *

Aka yanke wa Jibrin shekaru a gidan yari saboda sakacin da ya jawo mutuwa. A Nassarawa aka yi ta yabon Malam Sebastian, mutumin da aka kashe wa 'ya amma ya nemi a yi sassauci.

Ɗahiru ya je ganin sa. Gandiroba ya fito da shi cikin gajeren wandon fursuna, an aske masa kai. Abin mamaki, fuskarsa a kwance take.

"Baba, ka ji ba su rataye ni ba? Maigida mutumin kirki ne. Na tuna yanzu, ranar nan ban sake hura dutsen ba. Ni ne. Ina ta istigfari, kuma na karɓi hukuncina. Wallahi har barci nake yi."

Ɗahiru ya yi niyyar ya yi shiru. Amma shi mutum ne da bai taɓa ganin sawu ya ce bai gani ba, kuma ya ɗauka gaskiya ita ce kaɗai guzurin da zai iya kawo wa wannan bawan Allah.

"Ba kai ba ne, Jibrin. Gugarka ba ta da laifi. Tsutsar ma ba ta Kano ba ce."

Ya gaya masa komai, tun daga ɗakin buhuna har falo. Jibrin yana saurare, bakinsa a ɗan buɗe.

"Sun sani?"

"Sun sani."

"Maigida ya sani?"

"Yana zaune aka faɗa."

"Madam fa? Ita uwa ce. Ita ba za ta..."

"Ita ta fara cewa kai ne."

Jibrin ya sauke idonsa ƙasa. Kwanciyar nan ta fuskarsa ta tafi a hankali, kamar ruwan da ƙasar bazara ta shanye. Gandiroba ya buga sanda a ƙofa, lokaci ya yi. Ya miƙe da ƙyar, ya kai bakin ƙofa, sa'an nan ya waiwayo.

"Baba, me na yi maka? Jiya ina zaune a nan da laifina, na san abin da nake biya. Yanzu da me zan zauna?"